Mayar da Mabuɗi ga Mai Gida

'Yan'uwana ƙaunatattu cikin Kristi, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu, ku da kuke Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, da dukan waɗanda wannan takarda za ta isa hannunsu a Dayosis na Sakkwato. Allah ya saukar da salama a gidajenku.

Na ce gidajenku, amma ni da ku mun san gaskiyar magana. Da yawa daga cikinmu a wannan yanki ba a gidajen kanmu muke kwana ba. Aiki ne ya kawo waɗansu, kamar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda. Waɗansu kasuwanci ne ya kawo su, waɗansu kuma samari ne da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima ta shekara ɗaya, bisa tsarin da aka kafa tun 1973. Duk wanda ya zo, ɗaki yake nema, kuma galibi a hannun maƙwabtanmu Musulmi yake samu. Ba kuwa yau aka fara ba. Manyanmu suna tunawa da shekarar 1991, lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, yadda motoci suka riƙa bin hanyar Tambuwal zuwa Jega da Birnin Kebbi, ɗauke da gadaje da tukwane da 'ya'yan ma'aikata. Haka aka sake yi a 1996 da aka kafa Jihar Zamfara, jama'a suka nufi Gusau. Kowace mota da ta tashi, akwai ɗakin da aka bari a baya, akwai kuma mai gidan da ya shiga ya duba abin da aka bar masa.

Sau da yawa kukan kira ni in zo in sa albarka a sabon ɗakin da kuka kama. Nakan zo da farin ciki, mu yi addu'a, in yayyafa ruwa mai tsarki a ƙofa da bango. Amma tun da aka naɗa ni firist, ban tuna ranar da wani ya kira ni ya ce, "Fada, gobe zan bar gidan nan, zo ka taya ni addu'a in fita lafiya" ba. Muna shiga da Allah, amma waɗansunmu sukan fita kamar Allah ba ya gani. A kan wannan fita nake so mu yi tunani tare.

Abin da na gani a Sanyinna

A wata ziyara da na kai wa 'yan'uwanmu na Sanyinna, na tarar da wani saurayi, malamin makaranta, wanda aka turo sabon aiki. Kwanansa uku yana raɓe a ɗakin wani abokinsa. Aka kwatanta mana gidan wani dattijo mai ɗaki babu kowa, sai na raka shi. Dattijon ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Muka gaisa sosai. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya kuma gane cewa saurayin ɗan Ikilisiyarmu ne, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Can ya miƙe ya ce, "Fada, taso ka gani."

Ya kai mu ɗakin. Ƙyauren ya karye, domin sai da aka ɓalle kwaɗon kafin a shiga. Bangon ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, alamar an daɗe ana girki a ciki. Ƙusoshi sun huda ko'ina, tagar babu marfi, shara ta taru a kusurwa. Dattijon ya ce, "Wanda ya zauna a nan naku ne. Shekara biyu muna tare, 'ya'yansa da jikokina kwano ɗaya suke ci. Da aka canja masa wurin aiki, cikin dare ya kwashe kayansa. Ina bin sa kuɗin wata 5, mabuɗin ma da shi ya tafi. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, Fada. Ko sallama bai yi mini ba."

Na ɗaga kai, sai na ga abu ɗaya da mutumin ya mance bai cire ba. Hoton Zuciya Mai Tsarki ta Yesu yana nan rataye a bango, bisa wannan ɓarna duka. 'Yan'uwana, na sha jin kunya a rayuwata, amma irin ta ranar nan ban taɓa ji ba. Wa'azin da na yi shekara da shekaru, wani ya rushe shi cikin dare ɗaya. Wanda zai fara biyan bashin kuwa shi ne wannan saurayi da ke tsaye kusa da ni, wanda bai ci ba bai sha ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce wake ɗaya ke ɓata gari.

Gidan haya amana ne

Akwai masu tunanin cewa tun da suna biyan kuɗi, ɗakin ya zama nasu, sai yadda suka ga dama. Wannan kuskure ne. Abin da kuɗin haya ya saya maka shi ne zama na ɗan lokaci. Bangon da rufin da ƙyauren na mai su ne, an ba ka ne ka riƙe, ranar mayarwa kuma tana tafe. Abin da aka ba mutum ya riƙe don ya mayar, sunansa amana, kalmar da mu da maƙwabtanmu Musulmi duka muka san nauyinta.

Doka ta bakwai ta hana sata, amma da yawa suna tsammanin ɓarawo shi ne mai tsallake katanga kaɗai. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ta faɗaɗa mana maganar. A lamba ta 2409 ta lissafa riƙe kayan aro da gangan a cikin ire-iren sata, ta kuma koyar cewa wanda ya lalata dukiyar wani da gangan wajibi ne ya gyara. A lamba ta 2410 ta ambaci yarjejeniyar haya da sunanta, a jerin alkawaran da dole a cika su da zuciya ɗaya muddin ba su saɓa wa adalci ba. Saboda haka, wanda ya gudu da kuɗin haya bai yi wayo ba, ya karya dokar Allah ne.

Tun a Tsohon Alkawari an daidaita wannan al'amari. A Littafin Fitowa, sura ta 22, shari'ar Musa ta bambanta aro da haya. Wanda ya ari dabba ta ji rauni a hannunsa, mai ita ba ya nan, sai ya biya. Idan kuwa haya ya yi, kuɗin hayar ya ɗauke asarar. A cikin surar nan kuma aka ce wanda ya kunna wuta ta cinye hatsin maƙwabcinsa, ko ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, shi zai biya. Daga nan muna koyon abu biyu. Tsufan da ɗaki ke yi don an zauna a cikinsa, kamar fenti ya koɗe ko daɓe ya side, wannan yana cikin kuɗin haya, kada mai gida ya ɗora wa ɗan haya. Amma abin da sakaci ya jawo, kamar ƙyauren da yara suka ɓalle, ko indararon da aka bari ya toshe har ruwan damina ya ci bango, wannan yana wuyan ɗan haya.

Ubangijinmu da kansa bai mallaki gida ba a shekarun wa'azinsa. Ku dubi yadda ya yi da kayan mutane. A Linjilar Markus, sura ta 11, sa'ad da ya aika a kwanto masa aholakin da zai hau ya shiga Urushalima, ya haɗa da saƙo ga masu shi cewa za a komo da shi ba da daɗewa ba. A benen wani ya ci Jibin Ƙarshe da almajiransa. Kabarin da aka sa shi ma na Yusufu mutumin Arimatiya ne, a rana ta uku kuwa ya bar masa abinsa, Linjilar Yahaya kuma ta nuna mana cewa mayafin da aka ɗaure kansa da shi an same shi a naɗe, a ajiye wuri guda. Ko a safiyar tashinsa daga matattu, Mai Cetonmu bai bar wurin da aka ara masa a hargitse ba.

Waliyyi Bulus kuma ɗan haya ne. Ayoyin ƙarshe na Ayyukan Manzanni sun shaida mana cewa ya yi shekara 2 cif a Roma a gidan da yake haya, yana karɓar duk wanda ya zo wurinsa, yana koyar da maganar Mulkin Allah. Ashe ɗakin haya yana iya zama wurin bishara. Idan haka ne, fitarka daga cikinsa ita ce wa'azi na ƙarshe da mai gidanka zai ji daga gare ka, shi ne kuma wanda zai fi daɗewa yana tunawa.

Yadda Kirista zai bar gidan haya

Bari in sauko kan abin da za ku aikata, domin bangaskiyar da ba ta kai ga tsintsiya da rasit ba, da saura.

Na fari, ka ba da sanarwa da wuri. Ranar da takardar canjin aiki ta zo, ko ranar da ka yanke shawarar tashi, ka je wurin mai gida da ƙafarka ka faɗa masa. Kada ya ji a bakin direban da zai kwashe maka kaya. Bisa ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suke bi, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, hayar mako-mako sanarwarta mako 1 ce, ta wata-wata wata 1, ta wata uku-uku wata 3, ta shekara-shekara kuwa wata 6. Idan kun rubuta takarda kun sa ranar ƙarewa, to, abin da kuka rubuta shi ne abin bi. Yadda kake so mai gida ya ba ka lokaci ka nemi wani wuri, haka shi ma yake bukatar lokaci ya nemi wani ɗan haya. Watakila da kuɗin ɗakin nan yake sayen taki, ko yake biya wa 'ya'yansa makaranta.

Na biyu, ka biya abin da ake bin ka har ranar fita, ka karɓi rasit. Kada ka mance da kuɗin wuta da na ruwa. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ne yake kula da Jihar Sakkwato, bashin wuta kuwa sau da yawa a kan gida yake zama, ba ya bin mutum zuwa garin da ya koma. Idan ka tafi ka bar shi, mai gida ne ko wanda ya gaje ka zai zauna cikin duhu saboda fitilar da kai ka kunna. Haka nan bashin mai shago na ƙofar gida da na mai garuwa, ka sauke su duka.

Na uku, ka gyara abin da ka ɓata. Ka kira kafinta ya daidaita ƙyaure, ka cire ƙusoshi ka toshe ramukansu, ka share ɗaki da tsakar gida, ka wanke bayan gida. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ne ka kwana a ciki, kai ka san inda kwano ya huje da inda gara ta fara cin azara. Ka faɗa wa mai gida, ko da ba laifinka ba ne, don ya gyara kafin damina. Kada ka tura akwati ka rufe tsaga a bango ranar da zai zo dubawa.

Na huɗu, abin da ka ƙara wa gidan da kuɗinka, kamar siminti a daɓe ko famfo ko rumfa, ku zauna ku daidaita cikin lumana. Abin da ya fi shi ne a yi maganarsa a rubuce tun kafin a fara aikin, domin rigakafi ya fi magani. Amma idan ba a yi ba, kada haushi ya sa ka farfasa abin da ka gina, ko ka sare itacen da ka dasa don kada wani ya sha inuwarsa. Kai ma ka sha inuwar itatuwan da ba ka san wanda ya dasa su ba.

Na biyar, ku zaga ɗakin tare da mai gida da rana tsaka, gaban shaida, ko mai unguwa ko wani dattijo da ku biyu kuka yarda da shi. Sa'an nan ka miƙa masa mabuɗi hannu da hannu, har da wanda ka yanka wa matarka. Kada ka ba wani ɗan'uwanka ko ɗan garinku mabuɗin ka ce ya ci gaba da zama. Ɗakin ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, mai gida ne yake da ikon zaɓen wanda zai shiga gidansa.

Na ƙarshe, ka yi sallama. Ka je da iyalinka ku gode wa mai gida da matan gida da maƙwabta. Ka nemi gafara a kan abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, domin zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Ka bar musu hanyar da za su same ka idan wata magana ta taso. Wanda ya yi haka, duk ranar da ya bi ta garin yana da masauki.

Ga wanda ba shi da abin biya

Na san abin da waɗansu za su ce: "Fada, ba ka san yadda albashi yake jinkiri ba, ba ka san tsadar hatsi ba." Na sani, ina kuwa ganin hawayenku. Talauci ba zunubi ba ne, cin bashi ma ba zunubi ba ne. Zunubin yana cikin gudu. Idan ba ka da kuɗin, ka tafi da rana, ka ɗauki katikis ko wani dattijon Ikilisiya ya raka ka, ka durƙusa ka faɗi gaskiya. Ku rubuta yawan bashin da yadda za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ka kuma cika, gama alkawari kaya ne. Na ga masu gida da yawa da suka yafe rabin bashi, waɗansu ma duka, don kawai an zo musu da gaskiya. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi. Kwamitin Ikilisiya da Zumuntar Mata kuma su buɗe ido. Gara mu haɗa hannu mu fitar da ɗan'uwa da mutunci, da mu bar shi ya fita kamar ɓarawo da sunan Kristi a goshinsa.

Wanda kuma ya riga ya gudu, ko shekara goma ke nan, ina da magana da shi. Watakila ka zo ka furta wannan zunubi, firist ya ba ka gafara. Madalla. Amma gafarar ba ta share bashin ba. Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa wanda yake da halin mayar da kayan wani amma ya ƙi, tubansa na baki ne kawai. Ku tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Linjilar Luka sura ta 19. Sai da ya miƙe ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu, sa'an nan Ubangiji ya furta cewa ceto ya shigo gidansa. Ba a ce ka biya ninki huɗu ba. Ka biya abin da ake bin ka. Idan mai gidan ya rasu, magadansa suna nan. A zamanin da ake aika kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido, nisa ya daina zama hujja.

Ga masu gidaje a cikinmu

Kada masu gida su ce yau Fada ya tsaya musu. Akwai a cikinku waɗanda Allah ya buɗa wa, kun gina ɗakuna a Sakkwato ko a garuruwanku kuna ba da haya. Dokar da ta ɗaure ɗan haya ta ɗaure ku. Idan kana son gidanka, ka ba da sanarwa cikakkiya kamar yadda na bayyana. Idan wa'adin ya cika mutum bai fita ba, doka ta tanadi wata sanarwa ta kwana 7, cewa za ka nemi kotu ta karɓar maka gidanka, daga nan sai hukuncin alƙali. Ba ka da ikon cire masa kwano ko ƙyaure, ko ka watsar masa da kaya a waje, ko ka turo masa 'yan ƙarfi. Dokar ƙasa ta hana, ta Allah ma ta hana.

A Maimaitawar Shari'a, sura ta 24, an hana mai bin bashi shiga ɗakin wanda yake bi don ɗaukar jingina. An ce ya tsaya a waje, a fito masa da ita. Idan kuma jinginar mayafin matalauci ne, ya mayar masa kafin faɗuwar rana don ya sami abin rufa. Ku ga yadda Allah yake tsare mutuncin mai bashi. Saboda haka, idan ɗan haya ya fita da sauran watannin da ya biya, ku daidaita da shi bisa gaskiya. Idan ka karɓi kuɗin ajiya don gyaran ɓarna, ba a kuwa yi ɓarna ba, ka mayar, kada ka ƙaga laifi. Idan gwauruwa ce da marayu, mijinta ya mutu bashi ya taru, ka tuna da bawan nan na Linjilar Matiyu sura ta 18, wanda aka yafe masa bashi mai yawa amma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan kaɗan, ka kuma tuna da yadda ya ƙare.

Dukanmu 'yan haya ne

Mai gida, kai ma zaman haya kake yi. Ko a dokar ƙasarmu haka abin yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana domin jama'a. Abin da kake da shi izinin zama ne, takardar da gwamnati take bayarwa kuwa yawanci shekara 99 take ɗauka. Gwamnan ma yana da wa'adinsa, ya bar gidan gwamnati ya miƙa mabuɗi ga wani. Tun kafin wannan doka da dubban shekaru, Allah ya shaida wa Isra'ilawa a Littafin Firistoci, sura ta 25, cewa ƙasa tasa ce, su kuwa baƙi ne masu zama a wurinsa. Don haka ya kafa musu shekara ta 50, wadda a cikinta gonakin da aka sayar suke komawa ga masu su na asali.

A Linjilar Matiyu, sura ta 21, Ubangiji ya ba da misalin manoman da aka ba hayar gonar inabi. Mai gonar ya shinge ta, ya gina hasumiya, ya yi tafiya. Da lokacin girbi ya yi, ya aiko a karɓo masa rabonsa, sai suka dudduke bayinsa, daga baya suka kashe ɗansa don gādon ya zama nasu. Ina mafarin muguntarsu? Sun daɗe a gonar har suka mance cewa ba tasu ba ce. Wannan mantuwa ita ce take kama mu duka. Jikin nan da muke taƙama da shi, Waliyyi Bulus ya kamanta shi da alfarwa wadda za a kwance wata rana. Numfashi da lafiya da 'ya'ya da muƙami, duka an ba mu ne mu riƙe. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, mu kuwa baƙi ne.

Kada wani ya ce Mai gidan bai ba da sanarwa ba. Furfurar da ta fito maka sanarwa ce. Tokar da ake shafa mana a goshi kowace shekara a farkon Azumi sanarwa ce. Kowace jana'iza da muka halarta sanarwa ce. Ranar da zai zo karɓar mabuɗi, babu fita cikin dare, babu kuma akwatin da zai rufe tsaga a bango. A Linjilar Luka, sura ta 16, Ubangiji ya yi tambaya wadda ta dace da kowane ɗan haya: wanda bai riƙe amanar kayan wani ba, wa zai ba shi nasa na kansa? Muna begen gida madawwami a wurin Uba. A ɗakin nan na haya, mai taga ɗaya da kwano mai yoyo, ake gwada ko mun isa a ba mu shi.

Sauran labarin

Ban ƙarasa muku labarin dattijon Sanyinna ba. 'Yan'uwanmu da ke can suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka kira kafinta ya gyara ƙyaure da taga, samari suka shafe bango, mata suka share. Da muka kawo masa kuɗin wata 5 ɗin, sai ya ƙi karɓa. Ya ce, "Fada, gyaran na gode, Allah ya saka da alheri. Amma bashin ba naku ba ne. Mai shi yana raye, shi nake jira." Ya ba saurayin nan ɗakin. Sa'an nan ya shiga gida ya fito da hoton Zuciya Mai Tsarki, a naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle, ya miƙa mini da hannu biyu, ya ce ya san abin girmamawa ne a wurinmu. Mutumin da aka ci amanarsa, shi ne ya mayar mana da tamu amana ba tare da ko ƙura a kanta ba.

Hoton yana wurina har yau. Ɗan'uwana, idan wannan takarda ta iso gare ka a inda kake, ba na kiran sunanka, ba kuma zan kira ba. Dattijon yana jiranka, hotonka ma yana jiranka. Ka zo, ni zan raka ka.

Ku kuma sauran, ina roƙonku, duk wanda zai tashi daga gidan haya ya sanar da firist ko katikis, mu zo mu yi addu'ar fita kamar yadda muka yi ta shiga, mu sa wa mai gida da iyalinsa albarka kafin mota ta tashi.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, Mai sama da ƙasa, kai ne ka ba mu masauki a duniyarka ba don mun isa ba. Ka ba mu zuciya mai riƙon amana cikin ƙaramin abu da babba. Ka sa wa masu gidajenmu albarka, ka ba marasa wurin kwana mafaka, ka ba masu bashi ƙarfin hali su koma su biya. Ranar da za ka karɓi abin da ka ba mu, ka same mu a shirye, da mabuɗi a hannu, ka karɓe mu a gidanka na har abada. Ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.